Jiragen Daji Masu Taya a Wutsiya: Tarihinsu da Aikinsu a Arewacin Najeriya da Nijar

Jirgin daji ƙaramin jirgin sama ne da aka ƙera domin ya tashi ya sauka a inda babu titin kwalta, babu hasumiyar ba da umarni, babu ma'aikatan filin jirgi. Yawancinsu inji ɗaya gare su, suna ɗaukar mutum biyu zuwa takwas, fikafikansu kuma a saman gangar jiki suke. Alamar da aka fi sanin su da ita ita ce tsarin tayoyinsu: manya biyu a gaba, ƙarama ɗaya a ƙarƙashin wutsiya, ta yadda idan jirgin yana tsaye hancinsa na kallon sama, bayansa na kusa da ƙasa. Ma'aunin da aka saba amfani da shi wajen kiran jirgi mai gajeren tashi da gajeriyar sauka shi ne ya iya tashi ya tsallake abu mai tsayin mita 15, ko ya sauko ta kansa ya tsaya, a cikin tazarar da ba ta wuce mita 450 ba. Wasu jiragen daji ba sa buƙatar ko rabin wannan.

Dalilin wannan ƙira

Taya a wutsiya ita ce ƙirar asali. Jiragen farko a kan ciyawa suke sauka, kuma abin da ke bayansu ma ba taya ba ce, wani guntun katako ne ko ƙarfe da ke jan ƙasa yana rage gudu. Da aka soma shimfiɗa tituna masu tauri sai aka maye gurbinsa da 'yar taya. Ƙirar ta dawwama a daji saboda dalilai uku. Na farko, ɗaga hanci yana nisanta farfela daga tsakuwa da doguwar ciyawa. Na biyu, ƙaramar tayar baya ba ta da nauyi, ba ta kuma tare iska sosai, don haka jirgin yana samun damar ɗaukar ƙarin kaya. Na uku, tayar gaba ta jiragen zamani takan nutse a taɓo ko ta karye a rami, alhali manyan tayoyi biyu da ke gaban nauyin jirgi suna hawa kan gargada su wuce.

Amma ƙirar tana da nata haɗarin. Cibiyar nauyin jirgin tana bayan manyan tayoyin, saboda haka idan ya ɗan karkace yana cikin gudu a ƙasa, nauyin bayan yakan nemi ya zagayo gaba. Matuƙin da bai gyara da ƙafafunsa nan take ba sai ya ga jirgi ya juya kamar katantanwa, fiffike ya daki ƙasa. Taka birki da ƙarfi kuma yana iya kifar da shi a kan hanci. Shi ya sa tuƙin irin wannan jirgi yake buƙatar horo na musamman, har ga wanda ya daɗe yana tuƙa wasu jiragen.

Gajeren tashi kuwa daga fiffike yake zuwa. Jirgi yana tashi ne idan iskar da ke ratsa fikafikansa ta kai wani gudu. Duk jirgin da fiffikensa ke da faɗi, jikinsa kuma ba nauyi, zai kai wannan matsayi da wuri. Maƙera sun ƙara da wasu faifai a bayan fiffike da ake saukarwa lokacin tashi da sauka, wasu kuma suka sa wani siririn falle a gaban fiffiken wanda ke riƙe iska a jikinsa ko da jirgin yana tafiya a hankali. Jirgin da zai iya zama a sama da gudun kilomita 60 a awa ɗaya ba ya buƙatar fili mai tsawo kafin ya tsaya.

Shigowar jirgi ƙasar Hausa

A ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Birtaniya suka sauka a filin sukuwa na Kano, a zamanin Sarkin Kano Usman ɗan Abdullahi. Sun taso ne daga Helwan kusa da Alƙahira a ranar 27 ga Oktoba, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka biyo ta Sudan da Chadi da Borno. Jiragen samfurin DH.9A ne, masu fikafikai hawa biyu, an yi su da katako an lulluɓe da yadi, kuma ƙarfen jan ƙasa ne a wutsiyarsu. A wancan lokaci babu filin jirgi ko ɗaya a Najeriya. Abin da aka tanada musu a kan hanya filaye ne da hukumomin En'e suka sa aka share, aka tone kututture, aka ajiye gwangwanayen mai. Wato jirgi ya riga titinsa isowa, kuma shekaru da dama bayan haka duk jirgin da ya zo ƙasar nan dole ya zama mai jure wa ƙasa tsurarta.

A watan Fabrairun 1936 kamfanin Imperial Airways ya soma zirga-zirgar ɗaukar wasiƙu da fasinja tsakanin Khartum da Kano da jirgin DH.86, mai inji huɗu da taya a wutsiya. A watan Oktoba na wannan shekara aka miƙa hanyar har Legas. Filayen da gwamnatin mulkin mallaka ta tanada domin wannan aiki su ne na Maiduguri, Kano, Kaduna, Minna, Oshogbo da Legas. Shigar Minna cikin wannan jeri ba abin mamaki ba ne, domin gari ne na mahaɗar jirgin ƙasa, inda layin Baro ya haɗu da na Legas, kuma jiragen sama na lokacin ba sa dogon zango ba tare da sun sha mai ba. Har yanzu akwai titi da unguwa a Minna da ke ɗauke da sunan tsohon filin jirgin, ko da yake na yanzu yana Maikunkele.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara wa wannan hanya muhimmanci. Daga Satumbar 1940 aka riƙa kawo jiragen yaƙi a akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su, a tuƙa su ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy da El Fasher zuwa Masar. Dubban jirage ne suka bi ta nan, mafi yawansu masu taya a wutsiya. Da yaƙi ya ƙare sai aka wayi gari da filaye masu yawa, da matuƙa da makanikai da suka san ƙurar Afirka, da kuma ƙananan jiragen soja da ake sayarwa da araha.

Samfurorin da suka kafa tarihi

Kakan mafi yawan jiragen daji shi ne Cub na Amurka. Ya soma ne a 1930 a matsayin Taylor E-2, sannan a 1938 kamfanin Piper ya fito da samfurin J-3. Gangar jikinsa bututun ƙarfe ne aka lulluɓe da yadi, kujeru biyu ne ɗaya bayan ɗaya, injinsa da aka fi sani kuma ƙarfin doki 65 ne kawai. An ƙera kusan dubu ashirin, kuma sojojin Amurka sun yi amfani da shi wajen leƙen fagen daga. A 1949 aka fito da Super Cub, wanda daga baya aka sa masa inji mai ƙarfin doki 150. Idan ba a cika masa kaya ba yana barin ƙasa kafin ya ci mita 100. An ci gaba da ƙera shi har 1994.

A Jamus kuma an yi Fieseler Storch, wanda ya fara tashi a 1936. Yana da dogayen ƙafafu masu shanye girgiza da falle a gaban fiffike, yana iya tafiya da gudun kilomita 50 a awa bai faɗo ba. Shi ne jirgin da ya ɗauko Mussolini daga kan dutsen Gran Sasso a ranar 12 ga Satumba 1943, daga wani ɗan fili mai duwatsu.

Bayan yaƙi, kamfanin de Havilland na Kanada ya tambayi matuƙan daji abin da suke so, ya ƙera musu Beaver, wanda ya fara tashi a ranar 16 ga Agusta 1947. Injinsa na da ƙarfin doki 450, ƙofofinsa kuma an faɗaɗa su yadda gangar mai za ta shiga. An ƙera guda 1,657. A Amurka, Otto Koppen da Lynn Bollinger suka ƙirƙiro Helio Courier, wanda fallayen gaban fiffikensa ke fitowa da kansu idan gudu ya ragu. Kamfanin Cessna ya kawo samfurin 180 a 1953 da 185 a 1961, dukansu na gorar ruwa, masu saurin tafiya da ɗaukar kaya. Faransa ta yi Broussard a 1952, Jamus ta Yamma ta yi Dornier Do 27 a 1955, Suwizalan kuma ta yi Pilatus Porter a 1959 domin sauka a kan tsaunuka.

Jiragen 'yan mishan

Waɗanda suka fi kai ƙananan jirage ƙauyukan arewa su ne ƙungiyoyin mishan, musamman Sudan Interior Mission, wato SIM. Tarihin wannan ƙungiya yana da alaƙa ta kusa da ƙasar da ta zama Jihar Neja. Cikin mutum uku da suka iso Legas a 1893, Thomas Kent a Bida ya rasu a 1894, Walter Gowans a Girku, Rowland Bingham kaɗai ya koma gida da rai. Tasharsu ta farko da ta tsaya da ƙafarta ita ce ta Patigi a 1902, sai Wushishi a 1904, daga nan suka shiga ƙasar Gbagyi ta Paiko da Minna. A Minna suka ajiye makarantar da sababbin zuwa ke koyon Hausa.

Matsalar irin waɗannan tashoshi ita ce nisa. Ƙasar Kuta, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Shiroro a yau, misali ce mai kyau ta yanayin da ake magana a kai. Ƙasa ce ta tuddai da duwatsu da kwazazzabai, Kogin Kaduna da rassansa sun ratsa ta, manoman doya da dawa kuma suna warwatse a ƙananan ƙauyuka. Da rani mota na iya kutsawa. Da damina rafi ɗaya ya isa ya raba gari da asibiti na kwanaki. A irin wannan ƙasa, share fili mai tsawon 'yan ɗaruruwan mitoci da fatanya da gatari ya fi gina hanya da gadoji sauƙi nesa ba kusa ba.

Tsofaffin matuƙan soja ne suka kafa ƙungiyoyin jiragen mishan bayan 1945. Betty Greene, wadda ta tuƙa jiragen sojan Amurka lokacin yaƙi, ita ta yi tashin farko na ƙungiyar da aka sani da Mission Aviation Fellowship a Meziko a 1946, kuma Najeriya da Sudan suna cikin ƙasashen da ta yi aiki daga baya. SIM ta kafa nata sashen jirage mai suna SIMAIR, da mazauninsa a Jos. Aikinsa shi ne kai likita da magani, ɗauko maras lafiyar da ba zai jure hanya ba, kai wasiƙu, da jigilar 'ya'yan ma'aikata zuwa makarantar kwana ta Miango. A Jamhuriyar Nijar sashen ya zauna a Yamai, yana haɗa babban birnin da asibitin Galmi da aka buɗe a 1950 a tsakiyar ƙasar Hausa, tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa. Asibitin yana da filin saukar jirgi na kansa, tafiyar da kan cinye yini a mota kuma jirgi yana yin ta cikin 'yan awoyi. A Kamaru, ƙungiyar JAARS mai taimaka wa masu nazarin harsuna ta daɗe tana aiki da Helio Courier a filayen kan tuddai.

Kula da filin daji aiki ne na mutanen gari. Su ke yanke ciyawa, su rushe suri kafin ya taurare, su cike ramukan da ruwa ya ci, su kori awaki da shanu idan an ji ƙugin jirgi. Matuƙi kan fara zagaya filin ƙasa-ƙasa ya duba da idonsa kafin ya sauka. Inda babu tutar iska sai a hura wuta da ɗanyen ganye, hayaƙin ya nuna masa inda iska ta dosa, domin jirgi yana fuskantar iska ne wajen tashi da sauka.

Soja da feshi

Gwamnatoci ma sun yi amfani da wannan aji na jirage. An kafa Rundunar Sojan Saman Najeriya a 1964 da taimakon Jamus ta Yamma, kuma Do 27 yana cikin jiragenta na farko a Kaduna. Yana ɗaukar mutum huɗu zuwa shida, an yi aiki da shi wajen horo da kai saƙo da leƙen asiri, har cikin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Nijar da Chadi kuwa Broussard suka gada daga Faransa bayan samun 'yancin kai a 1960.

Aikin da manoma suka fi sanin ƙaramin jirgi da shi shi ne feshi. Jiragen feshi irin su Piper Pawnee da Thrush da Air Tractor duk masu taya a wutsiya ne, domin suna tashi da tanki cike daga filin da ya fi kusa da gona, su dawo a sake cika su sau da yawa a yini. Da su ake yaƙar tsuntsaye jan-baki da ke cinye gero da dawa da shinkafa a Borno da Yobe da Jigawa da Sakkwato da Kebbi, inda ake bin makwancinsu a fadamu da magariba ko da asuba. Da su kuma aka tunkari farin ɗango a Sahel a annobar ƙarshen shekarun 1980 da ta 2004. Shirin yaƙi da makantar kogi da aka soma a 1974 a ƙasashe bakwai na Afirka ta Yamma, har da Nijar, shi ma da jirage masu saukar ungulu da ƙananan jirage masu fikafikai ya riƙa zuba magani a koguna domin kashe tsutsar ƙudan da ke yaɗa cutar.

Yanayin ƙasa da tuƙi

Alƙaluman tashi da sauka da maƙera ke bugawa na bakin teku ne a rana mai sanyi. A arewa lissafin yakan canza. Iska mai zafi ba ta da kauri, don haka inji yana rasa ƙarfi, fiffike kuma yana buƙatar ƙarin gudu. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi a Minna kan kusanci digiri 40, filin da ya wadatar da sassafe yana iya gazawa da azahar. A Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, tsayin wuri ne ke yin wannan aiki. Saboda haka matuƙan daji suke son tashin asuba, suke kuma auna kowane buhu da kowane fasinja.

Kowane lokaci na shekara da nasa ƙalubale. Da hunturu hazo kan rufe ƙasa, ga shi kafin zuwan na'urar tauraron ɗan'adam matuƙi da taswira da agogo da kamfas yake tafiya, yana bin layin dogo ko Kogin Kwara da na Kaduna ko wani dutse da ya sani. Ƙurar kuma tana cinye inji idan ba a kula da matatar iska ba. Da farkon damina guguwar hadari kan taso daga gabas da yamma-yamma, kuma tana iya kifar da ƙaramin jirgin da ba a ɗaure shi da turaku ba. Da tsakiyar damina jar marmara ta fi baƙar ƙasar fadama aminci, domin ta fi saurin tsanewa. Ungulu da shirwa su ma haɗari ne: karo da ungulu ne ya kaɗo Do 27 na Michael Grzimek, mai ƙidayar namun daji a Serengeti, a Janairun 1959.

Raguwarsu

Daga shekarun 1950 masana'antu suka karkata ga tayar gaba, saboda ta fi sauƙin koyo. Piper ya fito da Tri-Pacer a 1951, Cessna ya fito da 172 da 182 a 1956, sai 206 a 1964, wanda ya karɓe yawancin aikin 185. Makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya, da aka kafa a 1964, ta tashi ne a wannan sabon zamani. Jirgin horo na Air Beetle da aka harhaɗa a Kaduna, wanda ya fara tashi a 1989, an ɗauko shi ne daga ƙirar RV-6A ta Amurka, wato nau'in tayar gaba na wani jirgi da asalinsa taya a wutsiya gare shi.

A ƙasa ma abubuwa sun sauya. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya shimfiɗa hanyoyin mota, ƙirƙiro jihohi ya kawo filayen jirgi na kwalta a manyan birane, Minna kuma ta zama babban birnin Jihar Neja a 1976. Aikin madatsar Shiroro, wadda ta soma ba da wuta a 1990 da ƙarfin megawat 600, ya buɗe hanya zuwa yankin Kuta. A 1976 SIM ta miƙa ayyukanta na Najeriya ga cocin ECWA, yawan Turawan da ke zaune a ƙauyuka ya ragu. Sai kuma matsalar mai: injunan waɗannan jirage wani fetur na musamman suke sha, mai tsada da wuyar samu a Afirka ta Yamma, alhali kananzir na manyan jirage yana kowane babban fili. Wannan ya sa masu aikin daji suka koma ga jirage irin su Cessna Caravan da Kodiak masu shan kananzir, ko ƙananan jirage masu injin dizal. Filaye da yawa na ƙauye suka koma gonaki ko aka yi gine-gine a kansu.

Halin da ake ciki

Jirgi mai taya a wutsiya bai ɓace ba. A Alaska da arewacin Kanada, inda garuruwa da yawa ba su da hanyar mota, har yanzu Super Cub da Beaver da Cessna 185 suna aiki kullum. Kamfanoni irin su CubCrafters da Aviat da Maule suna ƙera sababbi, ana sa musu manyan tayoyi masu taushi da tsayinsu kan kai inci 35 domin sauka a kan duwatsun bakin kogi. A gasar da ake yi kowace shekara a garin Valdez na Alaska, jiragen da aka rage wa nauyi sun sauka sun tsaya a ƙasa da mita 5 idan iska na kaɗawa daga gaba. A watan Maris na 2023 wani matuƙi ɗan ƙasar Folan, Łukasz Czepiela, ya saukar da Carbon Cub a kan dandalin jirgi mai saukar ungulu na otal ɗin Burj Al Arab a Dubai, mai faɗin mita 27.

A arewacin Najeriya da Nijar abin da ya rage wa wannan ƙira galibi aikin feshi ne. Jigilar likitoci da ma'aikatan agaji ta koma hannun jirage masu tayar gaba da masu saukar ungulu. Kai magani da jini zuwa ƙananan asibitoci kuwa ya soma komawa ga jirage marasa matuƙi, kamar waɗanda kamfanin Zipline ya fara aiki da su a Jihar Kaduna a 2022, waɗanda ke sako kaya da 'yar lema su juya ba tare da sun sauka ba.